Hannun Da Ya Ƙarasa Mai Tabo

"Wallahi Dogo ba ka san zane ba! Kala ce kawai ke ruɗar ka, kamar yaro a shagon alawa."

Auta ce ke wannan magana, tana zaune a tsakiyar falo, littattafan komik baje a gabanta kamar mai talla. Dogo na kan kujerar bakin ƙofa, ya naɗe ƙafafunsa don kada ya taka mata kaya. Farcensa duk baƙin tawada, domin daga wurin aiki ya biyo. Shi ke kula da injin a wata ƙaramar maɗaba'a, kuma wata shida ke nan da manya suka shiga maganarsa da Auta.

"Ni ne ban san zane ba?" Ya ɗaga littafin Guguwa, jarumin da ya fi ƙauna. "Dubi nan fa! Jirgin ƙasa ya ɗaga da hannu ɗaya. Dubi jijiyar wuyansa. Mai zanen nan idan ya zana naushi, sai ki ji haƙorinki ya motsa."

"To daga naushi sai me? Littafi arba'in yana dukan mutane, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Fuskokin ma duk iri ɗaya, da mace da namiji haɓa guda. Wannan ai ba sitayil ba ne, lalaci ne."

Mama, da ke gefe tana taka keken ɗinki, ta yi dariya. "Ku dai ba ku gajiya. Mutanen da ake shirin aurensu, amma kullum musu a kan mutanen takarda!"

"Mama, ai gara in gyara masa ido tun yanzu," in ji Auta. Ta jawo wata leda, ta zaro wasu siraran littattafai guda uku, baƙi da fari, ba kala ko ɗigo. "Ga zane nan, in zane kake nema."

Keken Mama ya tsaya cak.

Labarin Mai Tabo ne, jarumin da ba ya tashi sama, ba ya ɗaga dutse. Abin da yake yi kawai, idan ya taɓa wanda ya ji rauni, sai raunin ya bar jikin mutumin ya koma nasa. Yayan Auta ne ya ƙirƙire shi, wanda kowa ke kira Bahago saboda da hagu yake komai. Littafi uku ya fitar, yana cikin aikin na huɗu mota ta kaɗe shi a kan babur, shekara biyu ke nan.

Dogo ya karɓi littafin da hannu biyu. "Wannan kam ba musu," ya ce a hankali. "Guguwa ana kallon sa ne. Wannan shi ke kallon ka."

Baba, wanda tun ɗazu yake lungu da rediyonsa a kunne, ya miƙe ya saka takalmi ya fita. Ba wanda ya yi mamaki. Tsohon mai zanen taswirar gidaje ne da ya yi ritaya, mutum mai layi miƙaƙƙe a takarda da kuma a magana, kuma kowa ya san bai taɓa son wannan sana'a ta ɗansa ba. Shirme yake kiran ta.

Ɗakin Bahago shi ne na ƙarshe a lungun gidan. Tun ranar da aka yi rasuwar Mama ta kulle shi, ta zura makullin a zare ta rataya a wuya. Ko shara ba a shiga yi.

Wata Talata ciwon kai ya matsa wa Auta a kemis ɗin da take aiki, mai shagon ya ce ta je ta huta. Ta iso gida wajen ƙarfe biyu, rana na tsakiya. Ta san ba kowa, Mama na shagonta na ɗinki sai yamma, Baba kuwa kullum bayan azahar yakan tafi hira wurin tsofaffin abokan aikinsa. Ta ajiye jaka, ta nufi ɗakinta, sai ta ji wani sauti.

Ƙar... ƙar... ƙar-ƙar.

Ta tsaya. Ba ɓera ba ne. Wannan sautin ta tashi da shi tun tana ƙarama, ta bango take jin sa: bakin fensir ne a kan takarda mai kauri. Kuma daga ɗakin ƙarshe yake fitowa.

Ta taka a hankali. Ƙofar a rufe take kamar kullum. Amma a ƙasanta ga ɓawon fiƙar fensir guda biyu, sababbi, ko ƙura ba su ɗauka ba. Ga kuma warin tawada, irin wanda ke bin rigunan Yaya.

"Wa... wane ne?"

Sautin ya ɗauke. Shiru ya biyo baya, irin shirun da kake ji a jikinka cewa wani ya riƙe numfashi yana sauraren ka. Auta ba ta san lokacin da ta tsinci kanta a bakin titi ba takalmi ba. A dakalin maƙwabta ta zauna har Mama ta dawo. Da suka shiga, ɓawon fensirin babu shi. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta kalli hannun Mama na hagu, wanda har lokacin yake naɗe da bandeji tun da man suya ya ƙone ta, ta kalli ramar da ke wuyanta, sai ta haɗiye maganarta. Ta ce a ranta ciwon kai ne ya sa ta jiye-jiye.

Bayan sati uku, ranar wata Asabar da hantsi, Gwaggo, yayar Baba, ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Innalillahi! Ku fito ku ga abin da ido bai taɓa gani ba! Matattu sun fara buga littafi!"

Ta jefa wani siririn littafi a cinyar Mama. Jikanta ne ya sayo a wurin mai jarida. Mai Tabo, littafi na huɗu. A ƙasan bangon ga 'yar alamar da Bahago ke sa wa a madadin suna.

Mama ta shiga buɗawa. Auta ta leƙo ta kafaɗarta. Shafukan farko ta gane su, ta taɓa ganin Yaya yana zana su. Amma da aka kai shafi na goma sha biyu, sai Mama ta saki ƙara.

Wata mata ce aka zana zaune a ƙasa, ta jingina da wata rufaffiyar ƙofa. Makulli a wuyanta. Hannunta na hagu naɗe da bandeji. A gefenta kofin shayi mai karyayyen hannu, wanda ya faɗi watan jiya.

"Ni ce," in ji Mama, murya can ƙasa. "Wannan ƙunar ba ta kai wata biyu ba. Yaya aka yi ya gani? Yaya aka yi ɗana ya gani?"

Ta miƙe da gudu ta nufi lungu, ta fizgo makullin daga wuya. Shekara biyu rabon ƙofar da buɗuwa a gabansu, amma ko ƙara ba ta yi ba, kamar an zuba wa ƙarafunanta mai. Gado ya yi ƙura, taga ta yi yanar gizo, takalman Bahago na nan yadda ya cire su. Teburin zane kuwa fes yake, ƙyalli ma yake yi. Katifar kujera ta lotsa kamar yanzu aka tashi daga kai. Akwatin takardunsa a buɗe, rabinsa wayam.

Gwaggo ta ja da baya tana tofe-tofe. Sai ta juya bayan littafin, ta dangwala yatsa a kan sunan maɗaba'ar.

"Ina yaron nan naku yake aiki? Ba nan ba ne?"

Kafin la'asar an kira Dogo. Ya zo ya durƙusa a gaban Mama, ya gaishe ta, ba ta amsa ba.

"Kai ka buga wannan?"

"Ni na buga, Mama."

"Wa ya ba ka takardun ɗana?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Wanda ya kawo ya ɗora mini amana. Na yi masa alkawari ba zan faɗa ba."

"Amana!" Gwaggo ta tafa hannu. "Kun ji ɓarawo da bakin malamai! Ɗayan biyu ne: ko dai makulli ya yanka yana shigo muku gida in kun fita, ko kuwa yana da mutanen ɓoye da ke yi masa aiki. Dama ni tun farko ban yarda da idonsa ba. Mutum dogo haka kamar inuwar yamma!"

"Dogo, don Allah," in ji Auta, hawaye na zuba, "ka faɗa mana kawai. Suna ɗaya ne fa. Dubi halin da Mama ke ciki!"

Ya ɗago ya kalle ta, idanunsa jajir. "Auta, wallahi ban taɓa shiga ɗakin nan ba, ban saci komai ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan. Ki yi haƙuri."

Mama ta juya wurin Baba, wanda ke zaune a lungunsa, ya zuba wa yatsun ƙafarsa ido. "Malam, ba ka ce komai ba."

"Me zan ce?" in ji Baba, bai ɗago ba.

"To ni zan ce. Dogo, tashi ka fita mini daga gida. Wanda ya yi kasuwa da kabarin ɗana ba zai ɗauki 'yata ba. Ke kuma, in na sake jin kin kira shi, ban yafe ba!"

Dogo ya miƙe. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya kamar mai jiran wani ya yi magana. Ba wanda ya yi. Ya sa takalminsa ya tafi.

Sati biyar Auta ba ta kira shi ba, shi ma bai kira ba. Ta bi umarnin uwarta, amma abinci ya daina wuce mata. Wani lokaci ta ji haushinsa har ta ce ya je can da amanarsa, wani lokaci ta tuna yadda ya karɓi littafin Yaya da hannu biyu, ta ce mai yin haka ba zai yi sata ba. Gidan kuwa ya koma abin tsoro. Mama ta daina bi ta lungun. Gwaggo ta riƙa zuwa da labarai, wai maƙwabta sun ga labulen ɗakin yana motsi da rana tsaka. Har ta fara kawo zancen ɗan wata ƙawarta mai shagon taya. Auta kuma, ko da rana, idan iska ta taɓa takarda sai gabanta ya faɗi.

Littafi na huɗun nan ta ɓoye shi a ƙarƙashin katifa, tana tsoron buɗe shi. Ranar wata Lahadi da safe ta ce, "Kai, tsoron ya isa. Komik ne fa, kuma ni na fi kowa sanin komik a gidan nan." Ta baje littattafan huɗu a kan gado, ta yi abin da ta saba yi da Dogo, wato gwada hannu da hannu.

Shafi na ɗaya zuwa na tara, hannun Yaya ne, ba shakka. Inuwarsa takan gangaro ne daga hagu zuwa dama, yadda hannun bahago ke ja. Gidajensa duk a karkace, taga ɗaya ta fi ɗaya girma, don shi mutane ne damuwarsa, ba gini ba. Sai dai ta lura da wani siririn layi da ya ratsa kowane shafi, kamar an yayyaga takardun aka sake liƙa su.

Daga shafi na goma, inuwar ta juya. Daga dama take gangarowa.

Ashe ba matacce ba ne, mai hannun dama ne. Ta ɗauko 'yan zane-zanen da Dogo ya taɓa yi mata a bayan rasit. Ta kusa dariya cikin hawaye: mutanensa duk ƙirji ne da damtse, kwaikwayon Guguwa, hannuwansu kamar doya. Wannan ba zai iya zana yatsun matar nan ba ko za a ba shi shekara.

To wane ne? Ta sake duban shafi na goma sha biyu, wannan karon ba matar ta kalla ba, ƙofar ta kalla. Miƙaƙƙiya sambal. Kowane layi da rula aka ja shi. Tayil ɗin ƙasa an ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, suna ƙanƙancewa daidai yadda ido ke ganin su. A kusurwar bango kuma, inda layi biyu suka haɗu, kowanne ya ɗan zarce ɗan'uwansa, suka yi ƙaramin kuros. Ta san wannan kuros ɗin. Yana nan a kowace kusurwa ta taswirar gidansu da ke rataye a falo cikin gilashi.

Auta ta rufe littafin a hankali.

Washegari ta nemi izini a kemis, ta dawo gida ƙarfe biyu. Ƙar... ƙar-ƙar. Har lokacin sai da tsigar jikinta ta tashi. Ta daure ta isa ƙofar, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya. Sautin ya ɗauke.

"Baba," ta ce, "buɗe. Na gane hannunka."

Sannan makulli ya juya daga ciki.

Baba ne tsaye, tabarau a karan hanci, fensir a hannu, wani tsohon makullin gidan maƙale a ƙofa. Bai taɓa yi mata kama da tsoho ba sai ranar. Ya koma ya zauna a kujerar ɗansa.

"Ni na yaga takardun nan," ya ce. "Da safen ranar da ya rasu. Na shigo na same shi yana zane, na ce yaushe zai zama mutum. Na kwashi shafi tara na yayyaga a gabansa. Bai ce mini komai ba, Auta. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a akwati, ya ɗauki babur ya fita. Ko uwarku ba ta sani ba."

Hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau.

"Na shigo ne don in liƙa su kawai. Da na liƙa sai na karanta. Da na karanta sai na ga ashe yaron nan... ashe ya fi ni. Ni bango na iya, shi mutum ya iya. Na ce bari in ƙarasa masa, ko zai zama neman gafara. Ban san me zan zana ba, sai na zana abin da nake gani a gidan nan."

"Dogo fa, Baba?"

Ya rufe fuska da tafin hannu. "Ni na kai masa, na sa ya rantse. Ranar da aka kore shi ina zaune. Ina jin sa ya tsaya a bakin ƙofa yana jira na. Kunya ta ɗaure mini harshe."

Auta ta durƙusa a gabansa. Tana so ta yi fushi, amma tausayi ya riga shi isowa. "Baba, Yaya ya tafi, ba za mu iya ce masa komai ba sai addu'a. Amma Dogo yana raye. Mama ma tana raye, ga shi tana tsoron gidanta da rana tsaka."

Da yamma Baba ya aika aka kira Gwaggo, ya zaunar da ita da Mama a falo, ya faɗi komai, bai rage ko kalma ba. Mama ta yi kuka har muryarta ta dushe. Kwana uku ba ta yi masa magana ba. A rana ta huɗu ta kawo masa shayi da kanta, ta ajiye, ta ce, "Ka cuce ni da shirunka, Malam. Amma kai ma na ga abin da ya ci ka. Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Gwaggo kuwa cewa ta yi dama ita tun farko ta san Dogo yaro ne mai hankali, idonsa kawai za ka kalla.

Baba bai aika kowa ba. Da ƙafarsa ya je maɗaba'a, a gaban ma'aikata, injin na ruri, ya kama hannun Dogo mai tawada da hannu biyu.

"Ɗana, na bar ka da kayan da ba naka ba. Ka yafe mini."

"Haba Baba, don Allah daina," in ji Dogo, yana ƙoƙarin durƙusawa. "Na san za ka faɗa in lokacin ya yi."

"In da ban faɗa ba fa?" 

Dogo ya ce, "Da na rasa ta ke nan. Amma da na tona ka a gaban iyalinka, da wane ido zan zauna a gidanka?"

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mama da kanta ta ɗinka wa ango riga, tana mita wai yadin mutum biyu ya ci.

Ana saura kwana biyu Auta ta tare, Mama ta sa aka buɗe ɗakin ƙarshe, aka share, aka wanke labule. Ta zauna a bakin gadon ɗanta, ta ce Baba ya karanta mata littattafan tun daga na ɗaya, don ita ba ta taɓa iya zama ta karanta su ba. Ya karanta, yana nuna mata hotuna da yatsa. Da ya kai shafin ƙarshe ta ce, "To daga nan sai me ya faru da shi?"

"Bai rubuta ƙarshen ba. Ina ta ƙoƙarin in ƙirƙiro, ya gagare ni."

"To bar shi haka," in ji Mama. "Nasa ne."

Baba ya ajiye fensirin a cikin akwati, ya rufe.

Haka al'amarin ya ƙare. Mai riƙon amana yakan sha wuya, amma ba ya taɓewa, kuma haƙurin da aka yi don kare mutuncin wani ba ya faɗuwa ƙasa banza. Iyaye kuma su ji tsoron kalmar da suke jefa wa 'ya'yansu da safe, domin ba kowa ke dawowa da yamma a ba shi haƙuri ba. Wanda kuma ya yi kuskure, ya faɗa tun bakinsa na iya faɗa, kafin shirunsa ya zama laifin wani.